Taron da babu ajanda babu babban baƙo: Yadda hira tsakanin ma'aikata ta sauya ayyukan gwamnatin Birtaniya a intanet

A wata ranar Asabar cikin watan Janairu, lokacin da sanyin hunturu ke hana mutanen Birtaniya leƙowa waje, sama da mutum 200 kan bar ɗumin gidajensu su yi sammako zuwa wani taro da babu wanda ya aike su.

Akasarinsu ma'aikatan gwamnati ne da ke kula da shafukan intanet da manhajojin da jama'a ke bi su biya haraji, su sabunta fasfo, su nemi tallafi ko su yi rajistar zaɓe. Sauran kuwa ma'aikatan ƙananan hukumomi ne da na asibitoci, da 'yan kwangila, da 'yan ƙungiyoyin sa-kai.

Ba a sayar da tikitin shiga, ba a kuma biyan kowa alawus ɗin zama. Babu teburin manya, babu babban baƙo na musamman da za a zauna jira. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne, har lokacin da za a buɗe ƙofa babu wanda ya san abin da za a tattauna.

Sunan taron UKGovCamp, kuma tun shekarar 2008 ake yin sa, yawanci a birnin Landan. Masu son zuwa sun fi kujerun yawa, shi ya sa har ƙuri'a ake jefawa wajen rabon tikiti.

Mai kallo daga nesa zai iya cewa ai wannan zaman majalisa ne kawai, irin wanda ake yi a teburin mai shayi. Amma tarihin shekarun nan ya nuna cewa a harkar ayyukan gwamnati na zamani, rashin irin wannan zama ya jawo asarar biliyoyin kuɗi, har ma ya kai mutanen da ba su ji ba ba su gani ba gidan yari.

Yadda ake gudanar da shi

Da safe kowa kan gabatar da kansa a taƙaice. Daga nan sai masu abin faɗa su yi layi, a ba kowa kimanin daƙiƙa 30 ya bayyana abin da yake so a zauna a kai.

Irin batutuwan da ake kawowa ba su wuce abin da ke ci wa ma'aikaci tuwo a ƙwarya a ofis ba. Wata za ta nemi wanda ya taɓa raba hukumarsa da tsohuwar manhajar da babu sauran mai iya gyara ta. Wani zai tambayi yadda ake rubuta fom ɗin da makaho zai iya cikewa da wayarsa. Wani kuma zai fito fili ya ce aikin da suka shekara suna yi ya rushe, yana so ya faɗi dalili don kada wasu su faɗa ramin.

Ana rubuta kowane batu a 'yar takarda, a manna a allon da aka raba gida-gida bisa ɗakuna da lokuta. Cikin ɗan lokaci ajandar wuni guda ta haɗu, kuma mahalarta ne suka haɗa ta da hannunsu.

A cikin ɗakunan ana zama ne a da'ira. Wanda ya kawo batu zai buɗe magana, sauran su ɗora. Darakta da ƙaramin ma'aikacin da bai shekara da kama aiki ba duk kujera iri ɗaya suke samu.

Akwai ƙa'idar da ake kira dokar ƙafa biyu. Idan ka ga ba ka ƙaruwa da zaman da kake ciki, kai ma ba ka ƙarar da kowa, to ka tashi ka nufi wani ɗakin. Babu mai jin haushi, domin haka tsarin yake.

A wasu zaman akan amince cewa kowa na iya fita da abin da ya ji ya yi amfani da shi, amma ba zai ambaci sunan wanda ya faɗa ba. Wannan ne ke ba ƙaramin ma'aikaci ƙwarin gwiwar faɗin abin da ba zai iya faɗa a gaban ogansa ba.

Kamfanoni da hukumomi ne ke ɗaukar nauyin ɗaki da abinci, 'yan sa-kai kuma su yi hidima. Rarar kuɗin da aka samu akan raba ta ga masu shirya ƙananan taruka irin wannan a wasu sassan ƙasar.

Daga hutun shan gahawa aka samo dabarar

Tushen wannan salo na komawa ga wani Ba'amurke mai suna Harrison Owen, wanda ya rasu a 2024. A 1983 ya kwashe kusan shekara guda yana shirya wani babban taron ƙasa da ƙasa, da jawabai da takardu da komai a tsare.

Da aka tashi, sai mahalarta suka nuna masa cewa abin da ya fi amfanarsu shi ne hirar da suka riƙa yi a lokacin hutun shan gahawa, wato ɓangare ɗaya tilo da bai tsara ba.

Owen ya ɗauki darasin. A 1985 ya gwada taron da gaba ɗayansa zai zama kamar dogon hutun shan gahawa, amma mai alƙibla. Ya sha faɗa cewa ya koyi wani abu daga zaman da ya yi a Laberiya, inda ya ga mutanen wani ƙauye suna gudanar da gagarumin biki na kwanaki ba tare da kwamitin shirye-shirye ba, kuma komai nasu a da'ira ake yi.

Shekara 20 bayan haka masu harkar kwamfuta suka rungumi salon. A watan Agustan 2005 aka yi taron BarCamp na farko a garin Palo Alto da ke jihar Kalifoniya, inda aka buɗe ƙofa ga duk mai so, saɓanin wani taron manyan masana da sai da gayyata ake shiga. Kafin a ankara salon ya bazu a duniya. Ko a Ghana matasa sun fara nasu a 2008, daga baya ya kai garuruwa irin su Kumasi da Tamale.

Wanda ya shigo da shi cikin gwamnatin Birtaniya shi ne Jeremy Gould, ma'aikaci a Ma'aikatar Shari'a mai kula da harkokin intanet. Ya lura cewa kowace ma'aikata na da mutum ɗaya ko biyu irinsa, suna fama da matsaloli iri ɗaya, amma ba su san juna ba. A watan Janairun 2008 ya tara su a ofishin kamfanin Google da ke Landan.

Daga wannan zama wasu suka tsiro. An fara Teacamp, haɗuwar shan shayi ta wata-wata a kusa da unguwar ma'aikatu. A 2009 kuma Dave Briggs ya shirya LocalGovCamp a birnin Birmingham domin ma'aikatan ƙananan hukumomi.

Abin da shiru ya jawo

Kafin a gane dalilin da ya sa ma'aikaci zai sadaukar da Asabar ɗinsa, sai an duba yadda manyan ayyukan kwamfuta na gwamnati suke tafiya a wancan zamani.

A 2002 gwamnatin Tony Blair ta ƙaddamar da wani shiri na haɗa bayanan marasa lafiya na asibitocin Ingila a tsari guda. An raba manyan kwangiloli ga 'yan tsirarun kamfanoni. A 2011 gwamnati ta sanar da wargaza shirin, kuma kuɗin da ya ci sun kai kusan fam biliyan 10.

Ɗaya daga cikin manyan kurakuran da masu bincike suka yi ta nanatawa shi ne, daga sama aka tsara komai, ba a saurari likitoci da ma'aikatan jinya da za su yi aiki da manhajar yadda ya kamata ba. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan ba a tambayi mai ɗakin ba.

Abin da ya faru a hukumar gidan waya ta ƙasar, wadda mallakin gwamnati ce, ya fi wannan muni. A 1999 aka fara amfani da wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya samar, a rassan gidan waya. Manhajar na da kurakurai, takan nuna giɓin kuɗin da a zahiri ba su ɓata ba.

Masu kula da rassan da dama sun shaida cewa duk lokacin da suka kira neman taimako, sai a ce musu su kaɗai ne ke da wannan matsala. Kowa ya zauna a garinsu yana zargin kansa. Wasu suka sayar da kadarori suka cike giɓin, wasu suka amsa laifin da ba su yi ba.

Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da sama da mutum 900 bisa bayanan manhajar, wasu aka ɗaure su. Rahoton farko na kwamitin binciken da aka fitar a watan Yulin 2025 ya ce mai yiwuwa ne aƙalla mutum 13 sun kashe kansu saboda wannan lamari.

Asirin ya fara tonuwa ne a 2009, bayan mujallar Computer Weekly ta buga labarin mutum bakwai. A watan Nuwamban shekarar, wani tsohon mai kula da reshe, Alan Bates, ya kira taro a zauren wani ƙauye mai suna Fenny Compton. Da aka zauna kowa ya ba da labarinsa, sai ya zamana labari ɗaya ne.

Daga wannan zama aka kafa ƙungiyar da ta kai mutum 555 ga nasara a babbar kotu a 2019. A 2024 majalisar dokoki ta yi dokar soke hukuncin da aka yanke wa ɗaruruwan mutane.

Waɗannan ba ma'aikatan fasaha ba ne, masu amfani da manhajar ne. Sai dai labarinsu ya nuna abin da masu zuwa UKGovCamp ke gudu: matsalar da ke damun mutum ɗari za ta iya ɓoyuwa shekara goma, muddin kowannensu yana zaton shi kaɗai ne.

Haihuwar shafi guda

A 2010 sabuwar gwamnatin David Cameron ta nemi Martha Lane Fox, 'yar kasuwar da ta yi suna a harkar intanet, ta duba babban shafin gwamnati na lokacin, Directgov. Shawararta ita ce kwaskwarima ba za ta wadatar ba. A tattara komai a shafi guda, a kuma kafa tawaga ɗaya mai cikakken iko a kansa.

A lokacin kowace ma'aikata da hukuma na cin gashin kanta. Shafukan gwamnati sun yi yawan da sai ɗan ƙasa ya san sunan hukumar da ke da alhakin abu kafin ya gano inda zai nema.

Ministan da ke kula da ofishin majalisar zartarwa, Francis Maude, ya karɓi shawarar. A 2011 aka kafa hukumar ayyukan gwamnati ta intanet da ake kira GDS, ƙarƙashin jagorancin Mike Bracken. Wata ƙaramar tawaga da Tom Loosemore ya jagoranta ta gina samfurin gwaji cikin kusan wata uku, ta sake shi ga jama'a don su yi suka.

Ranar 17 ga Oktoban 2012 aka buɗe GOV.UK. Sannu a hankali ya maye gurbin shafuka kusan 2,000, kuma a 2013 ya lashe kyautar zane mafi kyau na shekara da gidan tarihin zane-zane na Landan ke bayarwa.

Ba taron Asabar ne ya kafa GDS ba, shawarar siyasa ce. Amma lokacin da aka tashi neman mutanen da za su yi aikin, a ciki da wajen ma'aikatu, an tarar da jama'ar da suka riga suka san juna, suka kuma shafe shekaru suna muhawara kan yadda ya kamata a yi.

Ɗabi'un taron sun bi su har ofis. Cikin ƙa'idoji 10 da hukumar ta shimfiɗa wa kanta a wancan lokaci, ta farko ita ce a fara da buƙatar mai amfani da abu, ta ƙarshe kuma ita ce a yi aiki a fili, domin hakan na ƙara masa kyau.

A aikace, wannan na nufin ana ajiye rubutun manhajojin a dandalin GitHub inda kowa zai iya gani ya kwafa. Tawagogi kan tsaya a gaban abokan aiki lokaci-lokaci su nuna inda suka kwana, har da abin da ya ƙi yiwuwa. Ma'aikata da dama kan wallafa taƙaitaccen bayanin abin da suka yi a mako. Akwai kuma zaure a manhajar Slack inda ma'aikacin wata ma'aikata zai jefa tambaya, na wata ma'aikatar ya amsa masa, ba tare da an rubuta wasiƙa ta bi ta ofishin babban sakatare ba.

Abin da aka girba

Misalin da aka fi bayarwa shi ne GOV.UK Notify, manhajar aika saƙon waya da imel da wasiƙa da aka fara amfani da ita a 2016. A da, kowace hukuma sai ta ba da kwangilar tata. Yanzu dubban ayyukan gwamnati, har da na asibitoci da ƙananan hukumomi, da ita suke sanar da mutum cewa takardarsa ta iso ko ranar ganin likitansa ta zo. Saƙonnin da ta aika sun kai biliyoyi.

Da yake rubutun manhajar a fili yake, gwamnatin Kanada ta ɗauka ta gyara ta dace da Ingilishi da Faransanci. Ostireliya ma ta ɗauka, haka ma ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka. Babu wadda ta saya.

A matakin ƙananan hukumomi, na Croydon da na Brighton da Hove sun lura cewa shafin da kowannensu ke buƙata kusan iri ɗaya ne: kwashe shara, harajin gida, neman gurbin makaranta. Sai suka haɗa hannu suka gina guda, wanda ya zama LocalGov Drupal. A yau gomman ƙananan hukumomi ne ke amfani da shi, kuma gyaran da ɗaya ta yi kowa na amfana.

A 2017 wasu ma'aikata, ciki har da Kit Collingwood da James Reeve, suka fara wani yunƙuri mai suna One Team Gov. Damuwarsu ita ce masu tsara manufofi da masu aiwatarwa ba sa zama tare, har sai an gama rubuta doka sannan a gano ba za ta aiwatu ba. Sun fara da karin kumallo na mako-mako da kowa ke iya zuwa. A watan Yulin 2018 suka yi taro marar ajanda a Landan, wanda ya tara kimanin mutum 700 daga ƙasashe sama da 40.

Ranar da aka fi ganin amfanin wannan sanayya ita ce lokacin annobar korona. A watan Maris na 2020 an buƙaci a gano mutanen da cutar ta fi yi wa barazana a Ingila, a ce su zauna a gida, a kuma kai wa marasa mataimaki abinci. Jerin ya kai kimanin mutum miliyan 2.2 cikin 'yan makonni.

Aikin ya buƙaci hukumar lafiya da ma'aikatu da dama da ƙananan hukumomi da manyan kantuna su yi musayar bayanai. Cikin kwanaki aka gina shafin rajistar. An samu kurakurai da jinkiri wajen isa ga wasu, amma a irin wannan rana wanda ya riga ya san lambar wayar takwaransa ya fi wanda zai fara neman adireshi. Zumunta, in ji Hausawa, a ƙafa take.

Inda hira ba ta kaiwa

Duk da haka, masu sukar wannan al'ada na da hujjojinsu, kuma ba na wasa ba ne.

Na farko, fahimtar juna tsakanin ƙananan ma'aikata ba ta sauya ra'ayin manyan ma'aikatu. A shekarunta na farko GDS ta yi tasiri ne saboda Maude ya ba ta ikon taka wa ma'aikatu birki kan kashe kuɗin fasaha, har aka kafa ƙa'idar cewa kada kwangilar kwamfuta ta wuce fam miliyan 100 sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Bayan shi da Bracken sun bar muƙamansu a 2015, ƙarfin hukumar ya ragu.

Shirin GOV.UK Verify na tantance mutum a intanet ya nuna hakan. An yi hasashen mutum miliyan 25 za su yi rajista kafin 2020, amma a farkon 2019 ofishin babban mai binciken kuɗi ya tarar miliyan 3.6 kawai aka samu. Manyan hukumomi irin ta haraji sun ci gaba da amfani da nasu tsarin. A 2023 aka rufe shi.

Wani bitar da gwamnati ta fitar a watan Janairun 2025 ya ce ɓangaren gwamnati na kashe kimanin fam biliyan 26 a shekara kan fasahar zamani, amma kusan kashi 28 cikin 100 na manhajojin gwamnatin tsakiya tsofaffi ne da ya kamata a ce an sauya. Shekara 17 na taruka ba su kawar da wannan ba.

Na biyu, wa ke samun zuwa? Taron Asabar a Landan ya fi sauƙi ga wanda ba shi da ƙananan yara ko majinyaci a gida, kuma yake da kuɗin jirgin ƙasa. Ma'aikacin da ke zaune a kanta yana fuskantar jama'a kullum, wanda ya fi kowa sanin inda manhaja ke cizo, sau da yawa ba ya cikin ɗakin. Idan fuskoki ɗaya ne ke haɗuwa kowace shekara, zaman na iya komawa ƙungiyar abokai masu yabon juna. Masu shirya taron sun san da wannan, yana cikin dalilan jefa ƙuri'ar tikiti da tallafa wa taruka a wasu garuruwa.

Na uku, akwai bambanci tsakanin hira don ƙaruwa da yanke hukunci a ɓoye. A watan Yulin 2022 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta yi gargaɗi kan yadda ministoci da jami'ai suka riƙa gudanar da aikin gwamnati ta WhatsApp da imel na ƙashin kansu lokacin korona.

A watan Maris na 2023 jaridar Telegraph ta wallafa wasu daga cikin saƙonni sama da 100,000 na tsohon ministan lafiya Matt Hancock. A ƙarshen shekarar kuma kwamitin binciken korona ya ji cewa kimanin saƙonni 5,000 na tsohon firaminista Boris Johnson, na farkon annobar, ba a same su ba.

Iyalan waɗanda suka rasu na da haƙƙin sanin wanda ya yanke wane hukunci da kuma dalili. Shi ya sa masu kare tarukan ke cewa a zo a yi musayar dabara yadda aka ga dama, amma duk abin da ya zama hukunci dole ya koma fayil, da sa hannu da kwanan wata.

Na huɗu, abin da siyasa ta gina tana iya rushewa. Amurka ta kafa tawagar 18F a 2014, watanni bayan shafin inshorar lafiya na gwamnatin Obama ya durƙushe a ranar da aka buɗe shi cikin Oktoban 2013. Tawagar ta yi suna wajen aiki a fili. A farkon watan Maris na 2025 gwamnatin Donald Trump ta rufe ta cikin dare ɗaya. Abin da ya rage shi ne ayyukan da suka riga suka saka a fili, da kuma mutanen da suka san juna.

Ina Najeriya a wannan lissafi?

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan hukumomin da ba sa magana da juna. An ɗauki hoton yatsunsa a banki don BVN, wadda aka fara a 2014. An ɗauka a ofishin NIMC don lambar NIN. An ɗauka wajen katin zaɓe, da fasfo, da lasisin tuƙi, da rajistar layin waya.

Idan aka samu saɓanin harafi ɗaya a sunansa tsakanin biyu daga cikinsu, shi ne zai yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan. Mutane da yawa ba su manta da cunkoson da aka yi a ofisoshin NIMC ba bayan umarnin haɗa NIN da layin waya a watan Disamban 2020, ana tsakiyar korona.

Ana ta ƙoƙarin haɗe waɗannan rumbunan bayanai ta hanyar mayar da NIN ginshiƙi. A 2024 kuma Ma'aikatar Sadarwa da Tattalin Arzikin Zamani, ƙarƙashin minista Bosun Tijani, ta fara wani dandali mai suna DevsInGovernment, inda ma'aikatan fasaha na hukumomi daban-daban ke haɗuwa a Abuja.

Bambancin shi ne na Birtaniya daga ƙasa ya taso, wani ma'aikaci ne ya gaji da zama shi kaɗai ya nemi 'yan uwansa. Na Abuja kuwa daga ofishin minista ya fito. Kowanne na da amfaninsa: na sama yana da kunnen masu iko, na ƙasa kuma ba ya mutuwa idan an sauya minista.

Gwajin da zai nuna ko irin wannan zama ya kama ƙasa shi ne, ko ƙaramin ma'aikaci zai iya miƙewa a gaban darakta ya ce manhajar da aka kashe wa miliyoyi ba ta aiki, kuma ya koma ofis ranar Litinin ba tare da ya tarar da takardar tuhuma a teburinsa ba.

Sauran kayan aikin ba su da tsada. Ɗaki ne, da allo, da takardun mannawa, da shayi. Mai shigar da bayanan marasa lafiya a wani asibitin gwamnati a Gusau, da takwararsa a Bauchi, wataƙila matsala ɗaya ke hana su barci, kuma wataƙila ɗayansu ya riga ya gano maganinta. Ba za su sani ba sai ranar da suka zauna wuri ɗaya.